Farin ruwan da ke fita daga gaban mace: wanne ne na lafiya, wanne ne ciwo?

Ƴar Mabera: Assalamu alaikum. Duk macen da ta ga farin ruwa sai a ce sanyi ne, a tura ta kemis. Don Allah ma'aikatan lafiya, ta yaya ake bambancewa?

Ungozoma: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Ruwan lafiya fari ne ko garai-garai, ba wari, ba ƙaiƙayi. Wajen kwana na 14 daga fara al'ada, ga mai zagayen kwana 28, yakan ƙaru ya yi yauƙi, lokacin sakin ƙwai ke nan. Mai ciki ma tana ganinsa da yawa. Wannan ba ya son magani.

Na ciwo kuwa, in ya yi kauri gudaji-gudaji kamar kindirmo, da ƙaiƙayi mai tsanani, yawanci kandida ce, wata ƙwayar cuta dangin fungas. Tana yawan biyo bayan shan antibayotik, da ciki, da ciwon suga. In tsinkakke ne, toka-toka, da ƙarnin kifi da ke ƙaruwa bayan saduwa, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke tsaron gaban mace ne suka rikice. Kore ko rawaya mai kumfa galibi ta saduwa ake ɗaukarsa.

Anti Nas: Maganinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa sayen "maganin sanyi" a kemis ke ɓata lokaci. Kandida ana sa mata clotrimazole a gaba, mai ƙarnin kifi kuma a sha metronidazole 400mg sau 2 a rana, kwana 5 zuwa 7. A je a ɗebi ruwan a auna tukuna, ana yi a Sakkwato, a asibitin Maryam Abacha da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH). In na saduwa ne, maigida da abokan zama duk su sha magani lokaci guda, in ba haka ba zai dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne matsi, da bagaruwa, da zuba Dettol a ruwan tsarki. Suna kashe ƙwayoyin da ke kare mace. Ruwa zalla ya isa, a waje kawai, daga gaba zuwa baya. Da zafin Sakkwato, kamfan auduga ya fi na leda.

Ungozoma: Ciwon mara da zazzaɓi tare da ruwan, ko jini bayan saduwa, ko jini ga wadda ta daina al'ada, kada a jira. Na farkon yana iya toshe hanyar ƙwai ya hana haihuwa, sauran biyun kuma sai an duba mahaifa da bakinta.