Abin da aka ce kan burtsatse a bakin teku

Da muka zauna da masu haƙar burtsatse da 'yan ga-ruwa a Legas, maganar gishiri ce ta cinye zaman. A gaɓar teku, ruwan daɗi yana kwance ne a kan ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙasa, don bai kai shi nauyi ba. Wani injiniya ya zana mana da tsinke a yashi: ruwan daɗi ya sauka mita 1, gishiri na iya tasowa kusan mita 40. Lissafin nan ya tsaya mini a rai.

Shi ya sa aka nanata a daina barin famfo yana zuƙa dare da rana. A ja kaɗan-kaɗan, rijiya ta huta. Maƙwabta su haɗa rijiya ɗaya maimakon kowane gida da tasa. Har aka ambaci Jakarta ta ƙasar Indonesiya, wadda arewacinta ke nutsewa saboda yawan zuƙar ruwa.

Idan shayi ya fara ɗanɗanon gishiri, a kai ruwan gwaji. Tafasawa ba ta cire gishiri, ƙara shi take yi.

Masai ya nisanci rijiya da mita 30 aƙalla, kuma a tara ruwan sama da damina.