Shawarwari a zaure: mota mai ƙofa biyu da za ta jure hanyoyin Kano

Auwalu Gwale: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota a cikinmu. Ina da niyyar sayen mota mai ƙofa biyu, irin ta gudu, 'yar Kwatano, kuma hankalina ya fi karkata ga Toyota 86, ko da yake ina duba Honda Accord mai ƙofa biyu da Infiniti G37. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko shi ne aminci, domin ba na son motar da za ta riƙa kwana a gareji. Na biyu shi ne ƙara a cikin mota, saboda aikina yana yawan kai ni Kaduna, kuma ina so in iya magana da wanda ke gefena ba tare da ɗaga murya ba.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Toyota 86 ta fito ne a 2012, haɗin gwiwar Toyota da Subaru, shi ya sa za ka gan ta da sunan Scion FR-S idan daga Amurka aka shigo da ita, ko kuma Subaru BRZ. Injinta na Subaru ne, mai lita 2, silindarsa huɗu a kwance, ƙarfinsa kimanin doki 200. Nauyinta bai wuce kilo 1,300 ba, kuma daga cikin abin da aka rage don a samu wannan sauƙin nauyi har da shimfiɗar da ke tare ƙara. Bugu da ƙari, masu ƙera ta da gangan suka sa wani bututu da ke kawo kukan injin cikin mota, domin masu sonta suna jin daɗin hakan. Saboda haka ƙarar da za ka ji a cikinta ba alamar lalacewa ba ce, haka aka yi ta, kuma a doguwar tafiya irin ta Kaduna za ta gajiyar da kunne.

Ta fuskar aminci, a 2018 kamfanin ya yi kiran a mayar masa da motocin farko-farkon fitowa domin a canja sifirin ɗin bawul, don haka ka bincika da lambar shasi ko an yi mata wannan aiki kafin a shigo da ita. Injin kuma yana buƙatar fetur mai inganci sosai, alhali mu iri ɗaya ake sayar mana a gidajen mai. Tsakaninta da ƙasa kimanin santimita 13 ne kawai, wanda duk mai bin lungunan cikin gari da damina ya san ma'anarsa.

Malam Sabo Bakanike: Allah ya ƙara basira, Injiniya. Ni abin da zan ce shi ne, a Kano amincin mota yana tafiya ne da abin da za ka samu a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a ranar da ta tsaya. Accord mai ƙofa biyu ta 2008 zuwa 2012 injinta da giyarta da ƙafafunta duk ɗaya ne da na mai ƙofa huɗu da ta cika gari, don haka kayanta ba sa wahala. Inda ake shan wuya shi ne jiki: ƙofa, gilashin gefe, fitilun baya da bamba duk daban suke, sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas. Ina ba ka shawarar mai injin 2.4, domin taimin ɗinsa, wato abin da ke daidaita buɗewar bawul da juyin inji, na sarƙa ne, ba na bel ba. Mai V6 ɗin na 3.5, idan giyarsa otomatik ce, yana da tsarin kashe wasu silinda idan tafiya ta miƙe, kuma an san shi da shan baƙin mai da ɓata fulogi, ga bel ɗin taimin da dole a canja a kan lokaci. Kowanne ka ɗauka, a ɗaga motar a jijjiga tayoyin gaba a duba boljoyin kafin ka hau babbar hanya. Injin Subaru kuwa masu iya gyaransa kaɗan ne a garin nan, ko canja fulogi sai an sha fama saboda ƙuncin wurin.

Alhaji Nasiru Tarauni: Malam Sabo, ban ƙi ta taka ba, amma ai Accord tayoyin gaba ne ke jan ta, wanda kuma yake son motar gudu ba zai same ta yadda yake zato ba. G37 tayoyin baya ne ke tura ta, injinta V6 mai lita 3.7 yana ba da doki 330, kuma cikinta ya fi na 86 shiru nesa ba kusa ba, domin mota ce ta alfarma mai nauyi. Matsalarta shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Sannan gilashin ƙofarta ba shi da firam, kamar na 86, a jikin roba kawai yake kwanciya. Zafin bazara da bushewar hunturu suna ƙeƙasar da robar, daga nan iska ta fara fito a kusa da kunnen direba da zarar an wuce gudun kilomita 100 a awa.

Hajiya Rabi: Ƙanena Auwalu, ka rarrabe ƙarar da aka yi motar da ita da ƙarar da ciwo ya kawo, kuma ba za ka gane ba sai ka gwada da kanka. Kada ka yarda dillali ya zagaya da kai cikin layi da rediyo a kunne. Ka kashe rediyo da esi, ku hau titin Zariya ku yi wajen Kura, inda za ka iya riƙe gudu ɗaya na ɗan lokaci. Idan ka ji gurnani yana ƙaruwa da gudu, ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama a inda babu mota. Idan sautin ya canja, boris ɗin taya ne. Idan bai canja ba, ka zargi taya. Na taɓa hawa wata mota da aka shigo da ita da tayoyin ƙanƙara, masu alamar dutse da ƙanƙara a gefe, tana gurnani kamar injin niƙa, ana canja su ƙarar ta ragu ƙwarai. Ka duba lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar. Robar ƙofa kuma, ka sa takarda ka rufe ƙofar a kanta, idan ta zare cikin sauƙi robar ta mutu.

Auwalu Gwale: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, idan na nace a kan 86, shin shimfiɗar tare ƙara da ake liƙawa tana yin amfani?

Injiniya Kabiru: Tana yi, musamman idan aka liƙa a ƙasan but, da saman tayoyin baya, da cikin ƙofofi, kuma shi wancan bututun ana iya toshe shi. Sai dai ka tabbatar ta robar butil ce, domin mai arha da ake yi da kwalta tana narkewa ta yi wari idan mota ta wuni a ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Duk da haka ba za ta kamo G37 a shiru ba, saboda tayoyinta sirara ne a kan rim 17 kuma ƙafafunta masu tauri ne.

Malam Sabo Bakanike: Duk wadda ka tsayar, ka nemi a bar ta ta kwana ba a tayar ba, mu je da sassafe mu ji kukan injin yana sanyi, domin a lokacin ne sarƙar taimin ke bayyana kanta. Zan zo da na'urar bincike, mu ɗaga kafet mu duba ko ruwa ya taɓa cinye ta a ƙasar da aka kawo ta daga can, kai kuma ka karɓi takardun kwastam ka tabbatar lambar shasin da ke jikinsu ita ce a jikin motar kafin ka ba da ko sisi.