Python da Mailchimp: wane laburare ya fi?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gina shafin rajista da Python, so nake duk wanda ya cika fom ya faɗa jerin Mailchimp (manhajar aika imel ga mutane da yawa) kai tsaye. In ɗauki laburare (kod da aka riga aka rubuta don aikin) ne ko in riƙa kiran API (ƙofar da kod ke magana da Mailchimp ta ita) da hannu?

Zainab: Wa alaikumus salam. Ɗauki mailchimp-marketing, shi ne na kamfanin da kansa. Duba wutsiyar makullinka na API, wato lambar sirrin da Mailchimp ke ba ka, za ka ga abu kamar us6, wannan shi ne sunan sabar da za ka saka a saiti. Makullin kuwa kada ya kwana cikin kod, balle ya hau GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet.

Malam Isa: Gaskiyar Malama Zainab. Ƙari a kai, ka yi aiki da set_list_member. Shi add_list_member in mutum yana cikin jerin tun da, kuskure zai dawo maka da shi. Shi kuwa set_list_member sabo ya shigar, tsoho ya gyara masa bayani. Sai ka kula da lambar da ake gane mutum da ita, MD5 ce (lambar da ake lissafowa daga rubutu) ta adireshin imel da ƙananan haruffa. Na taɓa kwana biyu ina ganin kuskuren 404 (ba a samu ba), ashe harafin farko ne babba ban mayar da shi ƙarami ba.

Aminu: Allah ya saka da alheri Malam. Ina kuma da tsohon jeri, mutum wajen 3,000.

Hadiza: Kada ka tura su ɗaya bayan ɗaya. batch_list_members na ɗaukar 500 a kira guda. Kuma haɗi 10 kawai Mailchimp ke yarda da shi a lokaci ɗaya, ka wuce haka sai kuskuren 429 (kira ya yi yawa). Amma Malam Aminu, mutanen nan sun amince ka riƙa aika musu? Nan ne damuwata. In kana kokwanto, saka su a pending, wato jiran amincewa, kowa zai samu saƙon tabbatarwa, wanda ya danna shi ne naka.

Malam Isa: Hakan ya fi. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta wa masu aika saƙo da yawa. Sai da SPF, DKIM da DMARC (saitunan tabbatar da cewa saƙon daga gare ka yake), da hanyar fita daga jeri ta danni ɗaya. Ko ba ka kai saƙo 5,000 a rana ba, saita su tun yau.

Aminu: To, pending ɗin zan yi. Malama Hadiza, in na gwada da adireshi 20 zan turo miki kod ɗin ki duba.

Hadiza: Turo, amma ka goge makullin tukuna.