Shawarwari ga mai rubuta labari kan Kano ta 1903

Marubutan da muka tattauna da su sun fi nanata bincike. Idan labarinka ya shafi shigowar Turawa Kano a 1903, ka tuna Sarkin Kano Alu ba ya nan lokacin da birnin ya faɗi, ya tafi Sakkwato. Ka leƙa gidan tarihi na Gidan Makama a Kano da cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a Kaduna, sannan ka zauna da dattawa, don kakanninsu sun bar musu abin da takarda ba ta riƙe ba.

Ƙananan abubuwa su ke tona asirin marubuci, kuma nan na fi yarda da marubutan: a Kasuwar Kurmi jaruminka da kuɗin wuri zai biya, ba da sulalla ba.

Batun bugawa kuwa, ka nemi mai tace rubutu, ka karɓi lambar shaidar littafi ta ISBN daga Laburaren Ƙasa, ka fara da kwafi kaɗan.