Shafa wa marar lafiya mai: mece ce ma'anarsa, kuma wane ne ya kamata ya yi shi?

Maman Tagwaye, Maradi

Salama a gare ku, iyayena da ƴan'uwana cikin Almasihu. Wata uku ke nan mahaifiyata tana kwance a gidana sakamakon hawan jini da ya shanye mata ɓarin jiki na hagu, kuma tun da aka sallame ta daga asibiti muke ba ta magungunan da likita ya rubuta, safe da yamma. A makon jiya ƙanwarta ta dawo daga tsallaken iyaka da wata ƴar kwalbar man zaitun wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ta ce jika biyar ta saye ta a wurin wani taron addu'a, an kuma gaya musu cewa wanda ya shafa, ya ɗiga kaɗan a harshe, ya gama da shan magani. Da kawuna ya ji labari sai ya ce kada a kuskura a kusanci ƴar'uwarsa da mai, domin a saninsa ba a shafa wa mutum mai sai an fid da rai da shi. Ina roƙon masu sani su warware mini: mece ce ma'anar wannan shafawa, dole ne sai da man zaitun, kuma ni kaina zan iya yi mata?

Dattijon ikilisiya, Tibiri

Ɗiyata, sannu da jinya, Allah ya tashi kafaɗun Inna. Tushen maganar yana cikin wasiƙar Yakubu, sura 5, aya 14 zuwa 16, kuma yana da kyau ki lura da yadda aka jera al'amarin. Marar lafiya ne yake aikawa a kira dattawan ikilisiya, su kuma su zo inda yake kwance, su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji. Da manzon ya zo faɗin abin da zai ceci marar lafiya, addu'ar bangaskiya ya ambata, ya ce Ubangiji ne zai tashe shi, ya kuma haɗa da gafarar zunubi da furta wa juna laifi. Saboda haka aikin na jama'ar Allah ne da suka taru a kan ɗan'uwansu, man kuwa shaida ce da ido yake gani, jiki yake ji, cewa an miƙa wannan mutum ga Ubangiji.

A ƙasar Yahudawa man zaitun abin kowane gida ne: da shi ake girki, da shi ake kunna fitila, da shi ake jinyar rauni, kamar yadda iyayenmu mata suke ɗauko man kaɗanya idan hunturu ya farfasa wa yaro ƙafa. Basamariyen nan na Luka 10:34 mai da ruwan inabi ya zuba a raunukan mutumin da ƴan fashi suka yi wa duka, kuma Markus 6:13 ya nuna almajirai goma sha biyu suna shafa wa marasa lafiya mai suna warkewa. Kada a rikita wannan da keɓaɓɓen man da aka umarci Musa ya haɗa a Fitowa sura 30, wanda aka hana kowa yin irinsa domin amfanin kansa. Mu nan, idan babu man zaitun, da man gujiya muke yi, kuma ban taɓa jin zuciyata ta yi mini nauyi a kan haka ba.

Batun sayarwa shi ya fi damuna. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sami ikon Allah, Bitrus kuwa ya tsawata masa da kakkausar murya, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 8. Duk ranar da mutum ya ɗauka cewa ikon yana cikin kwalbar, har yana ɓoye ta ƙarƙashin matashin kai, to ya mai da ita laya.

Malamin katikisma

Na gode wa Baba, kuma a kan sayar da mai bakinmu ɗaya. Sai dai zan ɗan yi wa kawunki adalci, ƴar'uwa, domin maganarsa tana da asali. Shekaru aru-aru a Turai an saba jinkirta wannan shafawa har sai mutum yana gargarar mutuwa, shi ya sa aka riƙa kiranta shafawar ƙarshe, kuma da wannan suna babban taron shugabannin Katolika a garin Taranta (Trent) ya tabbatar da ita a 1551 a matsayin ɗaya daga cikin sakramenti bakwai, wato tsarkakan ayyukan ibada na ikilisiya, bayan Martin Luta, jagoran Furotesta, ya musanta hakan tun 1520. Taron Batikan na Biyu ne, a 1963, ya ce ya fi dacewa a kira ta shafawar marasa lafiya, kuma ba ta waɗanda suke bakin mutuwa kaɗai ba ce: duk wanda ciwo mai tsanani ko tsufa ya fara sa rayuwarsa cikin haɗari ya cancanta, ana ma iya maimaita masa idan ciwon ya tsananta.

Inda muka bambanta da Baba shi ne, a wurinmu Katolika shafawar ta wuce alama, domin mun gaskata cewa ta wurinta Allah yana ba marar lafiya ƙarfin zuciya, salama da gafara, har da lafiyar jiki idan ita ce alheri ga ransa. Firist ne kaɗai ko bishop yake yin ta, yana shafa goshi da hannuwa da man da bishop ya sa wa albarka a lokacin Mako Mai Tsarki, wato makon da ke gabanin Ista. Tun 1972 Fafaroma Bulus na Shida ya yarda a yi amfani da wani man tsiro idan na zaitun ya yi wuya. Amma ba a shan sa, ba a kuma karɓar ko dala a kansa.

Ma'aikaciyar jinya

Yaya, ni a kan batun ɗiga mai a harshe zan tsaya. Mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa haɗiya tana yi masa wuya, kuma mai yana iya sarƙe shi ya gangara huhu, saboda haka kada a ɗiga mata kome. Maganin hawan jini kuma ba a yanke shi ba tare da izinin likita ba, domin ciwon yana iya sake bugunta, na biyun kuwa yakan fi na farko muni. Manzo Bulus da kansa ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa, ya kuma bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Masu bisharar da suka buɗe asibitin Galmi a 1950, da cibiyar kula da kutare ta Danja nan kusa da mu, mutanen addu'a ne, amma da allura da magani suka zo.

Maman Tagwaye, Maradi

Na gode, Baba, na gode Malam, da ke ƙanwata. Na karanta wa Inna amsoshinku, kuma ita da bakinta ta ce a kira mata fasto da dattawa. Jiya Lahadi bayan sujada su uku suka zo, na zuba musu man gujiya a murfin kwano, suka shafa mata a goshi, suka yi addu'a. Kafin su fara, ta sa aka kira kawuna, suka yafi juna a kan wata gardamar gona da ta raba su tun rasuwar kakanmu. Hannun yana nan yadda yake, magani kuma muna ci gaba da shi. Kwalbar tana cikin kabad, domin har yanzu ban san yadda zan mayar wa ƙanwar mahaifiyata ita ba tare da ta ji na raina ɗawainiyarta ba. Baba, idan da wata dabara, ina saurare.