Ba ambaliya ba ce, ba tumbatsa ba ce: wane suna za mu ba ta?

1/ Malamai masu fassara, da malaman jogarafi, ku matso mu yi shawara. Abin nan da Turawa ke kira sea level rise, wato yadda fuskar ruwan teku ke ƙara yin sama shekara bayan shekara, kowa fassara shi yake yadda ya ga dama. Wani ya ce ambaliyar teku, wani tumbatsar teku, wani ƙaruwar ruwan teku.

2/ Ambaliya dai mu ajiye ta gefe, kwana biyu take yi ta janye. Tumbatsa kuma halin kogi ne da damina: ya kawo, ya cika ya batse, rani ya yi ya koma kan yashinsa. Wannan kuwa tafiyar hawainiya ce, milimita 3 zuwa 4 a shekara, kusan santimita 20 tun daga 1900, kuma ba ta komawa.

3/ "Ƙaruwar ruwan teku" ta fi su, amma tana sa mai sauraro ya zaci teku daro ne, in an ƙara ruwa ko'ina ya hau daidai. Ba haka ba ne. Ruwa in ya ɗumama kumbura yake yi ko ba a ƙara masa ɗigo ba, kuma ba ko'ina ke ɗumama daidai ba. Iska kan tura ruwa ta tara shi a yammacin tekun Fasifik. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Girinlan, ƙasar da ƙanƙara ta lulluɓe can arewacin duniya: tulin ƙanƙararta na jawo ruwa zuwa gare ta saboda nauyinta, don haka in ta narke, tekun da ke kusa da ita sauka yake, na nesa ya hau.

4/ Ni dai "hawan teku" na zaɓa. Hawa a hankali ake yi, kuma kishiyarsa a shirye take: saukar teku.

5/ Sai dai ita ma ƙasar ba a tsaye take ba. A arewacin birnin Jakarta na Indunusiya, inda aka zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatse, wasu unguwanni na yin ƙasa da fiye da santimita 10 a shekara. A Sitokholm ta Suwidin kuwa ƙasa ɗagowa take tun da ƙanƙarar zamanin da ta sauka daga kanta, har ma'auni ke nuna teku na sauka.

Ta Jakarta na kira ta "lotsawar ƙasa". Wani abokin aiki ya ce zaftarewa, na ce a'a, zaftarewa ta gefen tudu ce, lokaci guda. Lotsawa ita ce ta katifa da ta sha kwanciya. Ta Suwidin kuma "ɗagowar ƙasa".

6/ Shi ya sa awon ma iri biyu ne. Na'urar da ake kafawa a tashar jiragen ruwa, irin ta Takoradi da ke aiki tun kafin Gana ta sami 'yanci, tana auna ruwa ne da ƙasar da take tsaye a kai. In ƙasa ta lotsa, sai ta ce teku ya hau. Tauraron ɗan'adam kuwa, tun daga wanda ake kira TOPEX/Poseidon a 1992, daga sama yake auna fuskar ruwan, babu ruwansa da motsin ƙasa.

Na farko "awon gaɓa", na biyu "awon sama". Mazaunin bakin ruwa a Legas awon gaɓa ne ya dame shi, don shi ne ke shigo masa ɗaki.

7/ Saura ɗaya da ta gagare ni: cikowa da janyewar teku ta kullum, wadda watan da ke sama ke jawowa. "Igiyar ruwa" ba ita ba ce. 'Yan uwanmu na Legas da Kwatano da Akara, me kuke ce mata a bakin ruwa?