Neman shawara: ina za mu kai Baba ya ga zaki da damisa da cita a dawa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar yawon kallon namun daji. Mahaifinmu ya yi ritaya, mu 'ya'yansa kuma mun haɗa hannu za mu kai shi ya ga abin da ya daɗe yana buri: zaki, damisa, da cita, wannan mai dogayen ƙafafu da ta fi kowace dabba gudu a ƙasa. A dawa yake son ganinsu, ba a keji ba. Hutun da muke da shi bai wuce mako guda ba.

Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya tsara mana zuwa Kenya: mu sauka Nairobi, mu je Amboseli, mu wuce Nakuru, mu ƙare a Masai Mara. A takarda abin ya yi kyau, amma hankalina bai kwanta ba, domin ko'ina kwana ɗaya ne ko biyu. Mu karɓi wannan tsari ko mu zauna wuri ɗaya? Wane wata ya fi? Kuma damisar nan, ana ganinta kuwa da gaske? Baba ya haura saba'in, yana kuma fama da ciwon baya.

Kawu Mai Furfura:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi muku albarka da wannan niyya. Kada ki karɓi tsarin nan. Wuraren duka masu kyau ne, amma ba abin da kuke nema suka shahara da shi ba. Amboseli wurin giwaye ne da hangen dutsen Kilimanjaro. Nakuru kuma tafki ne da tsuntsaye da karkanda. Akwai zakuna a duka biyun, amma in dangin zaki ne ya fito da ku, Masai Mara ce wurinku. Kuma ki duba hanya: daga Nairobi zuwa Mara kaɗai awa 5 zuwa 6 ne a mota, hanyoyin cikin gandun ma ba kwalta. Ki haɗa da zuwa Amboseli da dawowa, za ki ga rabin hutun a kan titi zai ƙare, da dattijo mai ciwon baya.

Ku zauna wuri ɗaya. Dalilin ya wuce gajiya. Waɗannan dabbobi kowanne yana da yankinsa da yake riƙewa. Jagoran da ke fita kullum ya san wane garken zakuna ne ke da wane fili, ya san bakin rafin da wata damisa ke kiwon ɗanta. In kun rasa ta yau, gobe da asuba ku koma wurin, jibi ma haka. Wanda ya kwana ɗaya ya wuce, damarsa ɗaya ce tal.

Akwai ƙananan jirage daga filin Wilson na Nairobi da ke kaiwa Mara cikin abin da bai kai awa ɗaya ba in ba su tsaya a hanya ba. Saboda Baba, ku hau su. Sai dai kaya kilo 15 ne ga kowane mutum, a jaka mai laushi, ba akwati ba.

Mai Kamara:
Na goyi bayan Kawu. Bari in ɗan yi bayani kan dabbobin uku, Hajiya, don ki san abin da za ku sa rai.

Zaki shi ne mai sauƙi. A Mara da wuya ku yi kwana biyu ba ku ga garke ba. Abin da za ki faɗa wa Baba tun yanzu shi ne, zaki yakan kwanta yana hutawa har kusan awa 20 a rana. In kuka same su da tsakar rana, za ku tarar da su shame-shame a inuwa, ko wutsiya da ƙyar suke kaɗawa. Rayuwarsu tana bayyana ne daga ketowar alfijir zuwa hantsi, sai kuma dab da faɗuwar rana. Lokacin ne 'ya'ya ke wasa, zakanyoyi ke miƙewa su nufi farauta, namiji ke ruri. Rurin nan ana jinsa daga nisan kilomita 8, kuma za ku ji shi daga tanti cikin dare.

Cita da rana take farauta, don ta kauce wa zaki da kura da ke ƙwace mata nama suna kuma kashe mata 'ya'ya. Fili take so mai gajeriyar ciyawa. Ku riƙa duba kan suri, can take hawa tana hangen barewa. Ana bambanta ta da damisa da baƙin layin da ya sauko daga idonta zuwa gefen baki, ga siririn jiki, ga ɗige-ɗige baƙaƙe cikakku. Na damisa kuwa zagaye suke da haske a tsakiya, jikinta kuma a murɗe yake. In kun ga cita ta ƙura wa garken barewa ido, ku ce wa direba ya kashe mota ku jira. Gudun kansa, wanda kan kai kusan kilomita 100 a awa, ba ya ɗaukar ko minti ɗaya. Jiran kuwa yana iya cin awa biyu.

Damisa ita ce aikin. Ba banza ake mata kirari da ƙi sabo ba. Ita kaɗai take yawo, dare ne nata, da rana tana cikin kurmin bakin rafi ko a kan reshen ɓaure. A Mara ana yawan nemanta a gefen kogin Talek da ƙoramun da ke kwarara cikinsa. Ba jikinta ake nema ba, wutsiya ake nema da ta sauko daga reshe, ko ƙafar barewa tana reto a saman bishiya, domin takan haye da abin da ta kama don kura kada ta samu. In aka ga nama a bishiya, to tana kusa, kuma za ta dawo.

Hajiya Babba:
Ni kam ra'ayina ya ɗan bambanta, ƙanwata. In damisa ce ta fi tsaya wa Baba a rai, Afirka ta Kudu zan ce. Akwai gandun Sabi Sand da ke manne da babban gandun daji na Kruger, tun 1993 aka cire shingen da ke tsakaninsu, dabbobi na kai da komo yadda suka ga dama. Damisoshin wurin sun tashi suna ganin motoci tun suna ƙanana, uwa bayan uwa, don haka ba sa gudu. Kowace mota tana da direba da kuma mai bin sawu da ke zaune a wata 'yar kujera a kan hancin mota. Na ga mutumin nan ya ɗaga hannu an tsaya, ya sauka ya duba ƙasa, ya ce ta wuce nan da asuba ta yi gabas. Muka bi cikin daji, muka same ta kwance a gindin bishiya. Yawanci kuma mota biyu ko uku kawai ake bari a kan dabba ɗaya. Lokacin zuwa shi ne ranin can, daga Mayu zuwa Satumba, ganye ya zube, dabbobi na taruwa bakin ruwa. Illarsa ita ce tsada, kuma cita ba ta da yawa kamar a filayen Gabashin Afirka, saboda dajin yana da duhuwa.

Kawu Mai Furfura:
Gaskiya ne Hajiya, a kan damisa ba a ja da Sabi Sand, haka ma Luwangwa ta Kudu a Zambiya inda ake fita da fitila cikin dare. Amma su ukun ake so cikin mako guda, shi ya sa na tsaya kan Mara.

'Yata, ga wani abin da masu shirya tafiya ba sa yawan bayyanawa. Mara kashi biyu ce. Akwai babban gandun gwamnati, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,500, akwai kuma gandayen al'umma da ke kewaye da shi, irin su Naboisho, Olare Motorogi da Mara North, filayen 'yan ƙabilar Masai ne da aka karɓa haya ana biyan masu su. A babban gandu, mota za ta koma masauki da faɗuwar rana, ba a fitar dare, kuma duk wanda ya biya kuɗin ƙofa zai shiga. A gandayen al'umma baƙin da ke kwana ciki ne kawai ke yawo, ana fita da dare, ana taƙaita motocin da za su tsaya kan dabba. Wanda ya sauka a can yana iya shiga babban gandu ya wuni, amma wanda ya sauka a babban gandu ba ya shiga nasu.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai Kawu, na gode Hajiya. Wannan bambanci ban taɓa jinsa ba. To batun wata fa? An ce mana Agusta saboda ƙaurar dabbobi. Sannan gaskiya ina jin tsoron motocin nan da ba su da gilashi. Zaki ba ya kawo hari?

Malamin Dabbobi:
Hajiya, ƙaurar gaskiya ce. Shanun dawan nan da mutanen can ke kira nyumbu, sama da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa, suna shigowa Mara daga Serengeti ta Tanzaniya tsakanin Yuli da Oktoba. Abin kallo ne babba. Amma zakuna da damisoshi ba sa bin ƙaura, suna nan a yankunansu duk shekara. Agusta kuma shi ne lokacin da motoci suka fi cika wurin. Tunda dangin zaki kuke nema, ku duba ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ko Janairu zuwa Fabrairu. Ku kauce wa Afrilu da Mayu: ruwa yana da yawa, hanyoyi na caɓewa, ciyawa ta yi tsawon da za ta ɓoye zaki kwance.

Batun mota, dabbobin sun saba da ita, suna ɗaukarta abu ɗaya babba wanda ba abinci ba ne, ba kuma abokin gaba ba. Abin da ke ɓata wannan shi ne mutum ya miƙe tsaye farat ɗaya, ko ya zuro hannu waje, ko ya yi ihu, ko ya sauka. Ku zauna, ku rage murya, ku bi maganar jagora. Masaukai da yawa ba su da shinge, don haka da dare ba a fita daga tanti sai mai gadi ya zo ya raka mutum. Wannan doka ce, ku riƙe ta da gaske.

Ina da roƙo ɗaya, kuma shi ya fi damuna. Cita da ta rage a dawa a duniya duka ba ta wuce kusan 7,000 ba. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan Mara ya nuna cewa uwayen da ke zaune inda motocin baƙi suka yi yawa, 'ya'yan da suke iya rainowa har su girma sun yi ƙasa sosai da na waɗanda ke wuraren da ba cunkoso. Na ga motoci sun kewaye uwa da 'ya'yanta, sun tare mata hangen barewa, har ta haƙura da farautar. Ranar yaran da yunwa suka kwana. Direbobi na yin haka ne saboda baƙi na matsa musu su matsa kusa. Tun ranar farko ku faɗa wa naku cewa ba kwa son a takura wa dabba, kuma ba za ku ji haushi ba in ya tsaya nesa. Za ku ga ya saki jiki, ya kai ku inda babu taro.

Ɗan Auta:
Anti, ku sayi madubin hangen nesa, kowa da nasa in da hali, na Baba dai dole. Waya ba ta ɗauko damisa a kan bishiya daga nesa. Sannan rigar sanyi mai kauri, domin Mara tana kan tudu, sama da mita 1,500, sanyin asuba a buɗaɗɗiyar mota ba wasa ba ne. Ku ga likita kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kafin tafiya.

Mai Kamara:
Ƙari kaɗan. Ku saurari daji, kada a cika hira a mota. Jagora nagari da kunne yake nemo damisa: haushin gwaggon biri, kukan gargaɗin barewar impala, kururuwar zabi, duk suna nuna akwai mai farauta kusa. Damisar kanta kukanta kamar ana yanka katako da zarto. In raƙuman dawa sun tsaya cak duk suna kallon gefe ɗaya, ku kalli inda suke kallo. Ungulaye na sauka a wuri ɗaya, akwai nama, mai yiwuwa masu naman na nan. Baba zai ji daɗin wannan bin diddigin kansa, don mutum yana shiga cikin neman, ba zama kawai yake a kai shi ba.

Amma kada ki yi masa alkawarin damisa. Ba wanda zai iya ba ki tabbaci, kuma duk kamfanin da ya ce ya tabbatar, ki yi hattara da shi.

Maman Biyu:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi magana da yayyena, mun amince mu bar zagayen, mu zauna a ɗaya daga cikin gandayen al'umma a Oktoba, mu shiga babban gandu wuni ɗaya. Kawu, me zan tambayi masauki kafin mu biya?

Kawu Mai Furfura:
Madalla 'yata. Ki tambaye su ko jagora ɗaya ne zai riƙe ku daga farko har ƙarshe, kuma ko ɗan yankin ne da ya daɗe yana aiki a wurin. Ki tambayi mutum nawa ake sawa a mota. In kuna da yawa, ku nemi mota taku ku kaɗai, don in bayan Baba ya motsa ku juya ba tare da kun ɓata wa wasu fita ba, in kuma kuna son jiran cita awa biyu ba mai gunaguni. Ki tabbatar kuɗin shiga gandu da na fitar dare suna cikin lissafi, a rubuce. Ki sanar da su ciwon bayan tun yanzu, su ba shi kujerar gaba kusa da direba inda girgiza ta fi sauƙi, su kuma ba shi tantin da ke kusa da inda ake hawa mota.